Famfo Mai Cizo

Ranar da famfon ya fara cizon Matar Yaya ba ta gaya wa kowa ba. Tana durƙushe gaban baho, kumfa har gwiwar hannu, ta miƙa hannu za ta ƙara ruwa, sai ta ji wani abu ya tsarga mata daga yatsu har kafaɗa. Ta janye hannun ta duba. Babu kunama, babu ƙaya, babu ko ɗigon jini. Can a ƙofar gida injin walda yana ta gurnaninsa, hasken nan mai shuɗi-shuɗi yana faɗowa a bangon zaure yana ɗaukewa. Ta ce a ranta ƙila jijiya ce ta motsa, ta ci gaba da wankinta.

Matar Yaya ake kiranta tun ranar da ta shigo gidan, da Yayan ya rasu kuwa ba wanda ya ga dalilin sake mata suna. Ya bar mata 'ya guda, 'Yar Baba, wadda ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Ya bar wa gidan injin walda, irin ƙaramin nan mai mariƙi da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Injin ya koma hannun ƙaninsa Auta, ita kuma wanki da wanke-wanke da ɗiban ruwan gidan duka suka komo hannunta. Ba wanda ya zauna ya raba aikin haka. Ta wayi gari ne kawai ta ga surukarta Inna ta daina zuwa wajen famfo, sai dai ta kira a kawo mata ruwa. Ta haƙura, domin an riga an nuna mata cewa duk ranar da ta ga dama ƙofa a buɗe take, amma yarinya jininsu ce, a nan za ta zauna.

Gurnanin injin nan shi ya fi komai damunta tun kafin maganar cizo. Muryar mijinta ce a wurinta. Shekarun da suka yi tare, da wannan ƙara take sanin yana nan lafiya, yana bakin aiki. Yanzu duk sanda aka kawo wuta injin ya tashi, sai gabanta ya faɗi, ta ɗaga kai tana jiran ta ji tarinsa, kafin ta tuna. Yaya mutum ne mai tsirfa a kan injinsa, har Auta yana masa dariya yana cewa kamar mai shirya jariri. Ba ya ajiye shi a ƙasa, sai a kan busasshen katako. Kullum da safe sai ya bi wayoyin da hannu daga farko har ƙarshe yana laluben inda suka ɓare. Injin yana da layinsa daban da fis ɗinsa daban tun daga mita, mai tsinkewa in wuta ta yi yawa. Sannan akwai wani rodi da ya kafa a ƙasa a bakin shagon, ya ɗaura masa waya daga jikin injin. In ƙasa ta bushe har ruwa yake zuba wa rodin nan, 'Yar Baba tana biye da shi da ɗan kofinta tana tambaya ko ƙarfen zai tsiro. Ya ce mata ba zai tsiro ba, amma in wuta ta ɓata hanya ta nan take bi ta koma ƙasa, ba ta jikin mutum ba.

Auta da ya karɓi shago, abin da ya fara yi shi ne shafe bakin wurin da siminti don masu kawo aiki su ga an waye. Rodin ya tsaya masa a hanya, ya tumɓuke shi, ya yanka ya sa a tagar wani. Daga baya ruwan sama ya taɓa dukan injin a bayan mota, ya shanya shi a rana ya ce ya warke.

Cizon bai tsaya a na ranar farko ba. Wata rana ɗan tsikari ne kamar na allura, wata rana sai ta ji haƙoranta sun haɗu. Har ruwan da ke zuba ma yana yi, in ta tara hannu. Ba ta daɗe ba ta gane lissafin abin: in injin yana kwance, famfo lafiya lau, da ya tashi, famfo ya tashi. Wahalar ita ce ruwa da injin tare suke zuwa. Wutar da ke tura ruwa cikin tankin da ke kan rufi ita ce ke tayar da injin, tankin kuma ƙarami ne, ga yoyo, kafin Auta ya rufe shago ya tsiyaye. Wanda duk zai ɗebi ruwa a gidan nan dole ya ɗiba injin yana aiki, kuma ita kaɗai ce mai ɗiba.

Da ta gaya wa Inna, tsohuwar tana zaune a kan tabarma tana tsefe kai. Ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta ɗaga murya ta kira Auta. Auta ya kashe injin, ya shigo yana share gumi, gilashin walda a goshi. Ya je ya kama famfon da hannu biyu, ya murɗa, ya wanke fuska, har ya kurɓa ya fesar.

Ya ce, "Matar Yaya, ina cizon? Ko ni ne ba ya so, namana ya yi masa tauri?"

Inna ta yi dariya. Matar Yaya ta ce ai ya kashe injin ne, ya je ya kunna ya dawo ya taɓa. Ya ce shi ba shi da lokacin wasan yara, akwai ƙofar mutane da ya bari rabi, ya juya ya fita. Haka aka yi ta yi. Duk sanda ta yi kuka, Inna ta kira Auta, Auta ya kashe injin ya zo ya rungumi famfo a gaban kowa. Mutum ba ya barin inji a kunne ya tafi, wannan gaskiya ne, kuma a bayan wannan gaskiyar ya samu wurin fakewa.

Ita kuwa ta fara lura da abin da bai sa a ransa za a lura da shi ba. Auta ba ya zuwa famfon nan da rana. Jarka yake sa ta cika masa ta kai bakin zaure, da ita yake wanke hannu. Kuma shi da a da yake aiki da silifas, yanzu kullum yana cikin manyan takalman roba da safar hannu, komai zafi.

Ta shiga neman wa kanta dabara. Ta ɗauko katakon da Yaya yake ɗora injin a kai, wanda Auta ya jefar a bayan ɗaki, ta riƙa tsayawa a kansa. Ta samo tsohuwar robar tayar keke ta nannaɗe kan famfon. Abin ya yi sauƙi kaɗan, in dai katakon bai jiƙe ba, sai dai wurin wanki ina zai ƙi jiƙewa. Inna ta fito wata safiya ta ga famfo da baƙin ƙulli, ta tsaya ta riƙe baki. Ta ce wannan wane irin ɗaure-ɗaure ne ake yi mata a gida, baƙi su shigo su ce me? Da hannunta ta warware robar ta cusa a murhu, gidan ya cika da wari.

Abin da ya fi ci mata rai 'Yar Baba ce. Yarinyar tana son ruwa kamar agwagwa, kuma tsawonta ya kai ta kama famfon in ta yi ɗage. Matar Yaya ta hana ta da lallashi, ta hana ta da tsawa. Ranar da ta juyo daga shanya ta ga ɗan hannun nan ya kusa kaiwa, injin kuma yana ruri, ba ta san sanda ta fizgo ta ta zabga mata mari ba. Ba ta taɓa dukanta ba sai ranar. Yarinyar ta tsaya da baki buɗe, kukan ma ya ƙi fitowa, sannan ta ruga ta faɗa jikin Inna. Inna ta rungume ta tana jijjigawa, tana kallon uwar ta saman kanta. Ta ce marainiyar Allah, daga neman ruwan sha. Daga ranar 'Yar Baba ta koma kwana ɗakin kakarta, in ta haɗu da uwarta a tsakar gida sai ta raɓe jikin bango.

A nan ne maganar ta sauya kama. Inna ta fara gaya wa maƙwabta cewa tun rasuwar ɗanta yarinyar nan ba daidai take ba. Tana firgita ita kaɗai, tana magana da famfo, tana ɗaure ƙarfe da baƙar roba, ga shi ta fara dukan 'yarta. Wata ta ce ai wurin ruwa dama ba a rasa su, musamman inda ake zubar da ruwan wanki. Wata ta ce ƙila marigayin ne bai sake ta ba. Matan suka riƙa shigowa suna mata sannu da wata irin murya mai laushi, irin wadda ake yi wa wanda ba a sa ran zai gane. In ta ce musu wuta ce, wutar injin ce ke bin ƙarfe, sai su gyaɗa kai su dubi juna. Wuta a cikin ruwa? Ai ko yaro ya san ruwa kashe wuta yake yi.

Abin takaici, jikinta ma ya fara ba su shaida. Ta rame. Hannunta na dama yana karkarwa in ta ɗauki kofi. Da ta ji injin ya tashi, ko tana cikin ɗaki, sai kafaɗarta ta zabura da kanta. Har ta kai wani lokaci tana jin gurnanin alhali an ɗauke wuta, ta fito ta tsaya a tsakar gida tana saurare, babu komai sai kukan kaji. A irin wannan lokaci ita ma sai ta tambayi kanta ko gaskiyarsu ne. Ta kan tuna Yaya durƙushe yana zuba wa rodinsa ruwa, ta ji kamar yana nan bayanta yana jiran ta yi wani abu, ita kuma ba ta san me za ta yi ba.

Wata rana da azahar Auta ya fita cin abinci ya bar shago a buɗe. Tun rasuwar Yaya ba ta taka wurin ba. Ta shiga a hankali, warin ƙonannen ƙarfe ya buge ta har idonta ya kawo ruwa. Injin yana zaune a kan siminti tsirara. Wayoyinsa duk ƙulle-ƙulle ne da leda. Ta leƙa wajen fis, ta ga an cire shi an maye gurbinsa da wata murtukekiyar waya wadda ko gidan zai ƙone ba za ta tsinke ba. Sannan ta ga abin da ta zo nema ba tare da ta san shi take nema ba. Wayar nan da a da take tafiya daga jikin injin zuwa rodi tana nan, sai dai yanzu an ja ta ta bayan tebur an murɗe ta a jikin bututun ruwa. Ta bi bututun da ido. Daga tanki ya sauko, ya bi bangon shago, ya huda zaure, ya miƙe a jikin katanga har ƙuryar gida inda take wanki. Ko'ina a saman bango yake tafiya, babu inda ya shiga ƙasa.

Sai ta sa hannu ta warware wayar, ta ajiye ta a kan tebur inda zai gani, ta koma ciki.

Ba a jima ba ta ji ya dawo, ta ji injin ya tashi, sannan ta ji ƙara da ashar da faɗuwar ƙarfe. Auta ya shigo gidan yana yarfa hannu, idonsa ja. Ashe ya cire safar hannu don cin abinci, ya dafa jikin injin haka nan. Yana ta faɗa yana tambayar uban wa ya taɓa masa waya, so ake a kashe shi? Matar Yaya tana tsaye a bakin famfo, ta sa tafin hannunta a kan ƙarfen, injin yana kunne, ba ta ji komai ba. Ta daɗe rabonta da ta taɓa shi haka.

Ta ce, "Ashe ka san yana cizo."

Ya koma shago ya mayar da wayarsa, ya ƙara mata murɗi da filaya.

Da yamma aka kira Kawu, yayan Inna, wanda shi ake kira in magana ta fi ƙarfin tsakar gida. Ya zauna a kujera, Matar Yaya tana durƙushe a ƙasa. Ya fara da cewa shi bai taɓa jin inda mace ta shiga shagon maza tana kwance musu kayan aiki ba. Da yaron nan ya mutu fa, me za ta ce wa uwarsa, wadda ba ta gama share hawayen na farko ba? Ya tuna mata cewa injin nan da take ƙorafi a kansa shi ke ciyar da ita da 'yarta. Ta jira ya gama, sannan ta ce ita ba ta ce a daina aiki ba.

"Kawu, rodi ɗaya nake roƙo. A kafa shi a ƙasa a mayar da wayar can, yadda Yaya yake yi. Kuma a kai injin a duba shi."

Auta ya ce simintin nan sabo ne, ba zai farfasa shi saboda mafarkin wata ba. Injin kuma in ya kai shi gyara sai ya kwana biyu a can, masu aiki su gudu wurin wani. Ya ce kowa haka yake yi, a bututu ake ɗaurawa, Yaya ne dai mai son wahalar da kansa. Kawu ya ce to, a dai duba, in an samu sarari a yi mata abin da take so don hankalinta ya kwanta. Auta ya ce in an samu sarari. Kawu ya juya wajen Inna ya rage murya, amma ba yadda ba za a ji ba, ya ce a nema wa yarinyar nan magani tun abin bai yi nisa ba.

Sarari bai samu ba, amma magani ya samu. Aka kawo wani mutum mai jaka ya dube ta daga nesa, ya tambayi Inna, ba ita ba, abin da take ji. Ya bar turare da wani garin sha mai sa barci. Ya ce a riƙa turara ta a ɗaki a rufe, kuma a raba ta da yarinyar har ta samu sauƙi. Wanki dai ba a raba ta da shi ba. Da safe ta yi aikinta a kan katakonta tana cije baki, da rana a sa ta a ɗaki da kasko, hayaƙi ya cika mata ido.

Ranar da abin ya faru an yi ruwan sama tun hantsi, bai ɗauke ba sai bayan azahar. Tsakar gida ta zama taɓo. Matar Yaya tana kwance a ɗaki, garin maganin ya sa kanta ya yi nauyi, tana jin ɗigar ruwa daga indararo. Ta ji an kawo wuta. Ta ji injin ya yi tari ya kama gurnani, kafaɗarta ta zabura kamar kullum. Sai ta ji muryar Inna daga ɗakinta tana neman ruwan shan magani, ta kira ta sau ɗaya, ita kuwa ba ta iya amsawa da wuri ba. Abu na gaba da ta ji shi ne ƙarar ɗan kofin silba yana bugun bango, da takun ƙananan ƙafafu a cikin ruwa, da muryar 'Yar Baba tana cewa ita za ta ɗebo wa Inna.

Ba ta san yadda ta buɗe ƙofar ba. Babu takalmi, babu ɗankwali. Yarinyar ta riga ta kai, ta yi ɗage a cikin taɓo, kofi a hagu, dama a miƙe. Matar Yaya ta cafko ta ta bayan riga ta wurgar da ita gefe, santsi ya kwashe ta ita kuma, ta kai hannu don kada ta faɗi, hannun ya sauka a kan bututun.

Wannan ba cizo ba ne. Hannun ya damƙe ƙarfen da kansa ya ƙi saki. Ta ji gurnanin injin ya shigo cikin ƙirjinta, haƙoranta suna kaɗawa, tana son ta yi ihu babu iska. Idonta a buɗe yake. Ta ga 'Yar Baba zaune a taɓo tana kallonta. Ta ga Inna ta fito da gudu, zani a hannu, ta nufo su, sannan ta ga tsohuwar ta ja birki nesa da famfon, ta ƙi matsowa. Inna ba ta kira sunan wani aljani ba, ba ta nemi turare ba. Wajen zaure ta juya ta kwarma ihu da duk ƙarfinta.

"Auta, kashe injin! Kashe injin nan!"

Gurnanin ya ɗauke. Hannun ya saki. Ta faɗi da fuska a cikin ruwa.

Ba a kai ta asibiti ba, saboda a asibiti ana tambaya. Mai kemis na bakin titi aka kira, ya wanke tafin hannun da ya ƙone, ya naɗe, ya ce a bar ta ta huta. Yatsu biyu sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa. Da ya tambayi abin da ya faru, Inna ta ce ciwonta ne ya tashi, ta faɗa kan kaskon turare.

Washegari da safe tana kwance sai ta ji bugun guduma a ƙofar gida. Siminti ake fasawa. Daga nan sautin ya sauya, ya koma na ƙarfe a kan ƙarfe, yana nutsewa a hankali. Ta san wannan sauti, ta taɓa jin sa da daɗewa, ranar da Yaya ya buɗe shagon. Ta kwanta tana saurare hawaye na bin kunnenta. Kafin ruwan shayin Inna ya tafasa an gama. Abin da ta yi ta roƙo ke nan har aka ce ta haukace, bai kai tafasar ruwan shayi ba. Da rana kuma ta ji an ɗora injin a babur an tafi da shi wurin gyara, masu aiki kuwa ba wanda ya gudu.

Masu dubiya suka yi ta zuwa. Inna tana karɓarsu a tsakar gida tana ba su labari: yadda abin ya buge ta, yadda ta ɗaga 'yar cikinta ta maka da ƙasa, da ba a yi sauri ba da yanzu wani zance ake. Da injin ya dawo, har famfon take kai su. Tana cewa ga shi nan, injin yana aiki, kowa ya taɓa ya ji. Su taɓa, su murɗa, su girgiza kai. Wata ta ce Allah sarki, ƙarfe dai ƙarfe ne.

Da yamma Inna ta shigo mata da abinci, ta ajiye, ta juya za ta fita. Matar Yaya ta kira ta. Muryarta ta dushe tun ranar, sai an matso ake ji.

"Inna, na ji abin da kika ce ranar nan."

Tsohuwar ta tsaya, bayanta a juye. Ta ce me ta ce? Mutumin da ke cikin wannan hali me zai ji?

"Kin ce a kashe injin."

Inna ta gyara ɗaurin zaninta, ta yi magana tana kallon labule.

"Ɗa ɗaya ya rage min. Kina so a ce shi ya yi miki wannan? Wa zai ƙara kawo masa aiki? Wa zai ba shi 'ya? Ke ciwo ne, ciwo kuwa ba laifin kowa ba ne. Ki ci abincinki."

Ta fita ta ja labulen.

Haka maganar ta zauna, kuma haka za ta zauna, domin duk wanda ya san gaskiyarta yana da dalilin yin shiru, wadda ba ta da dalili kuma an riga an ce ba ta da hankali. Auta yana gaishe ta yanzu, daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa. Ya koma aiki da silifas. Kawu ya zo ya ce ai ga shi an yi mata rodin da take so, saura ita ta taimaki kanta ta warke. 'Yar Baba tana ɗakin Inna, an ce kada a bar ta ta matsa kusa da uwar sai da babba a wurin.

Matar Yaya ta fara fitowa bakin ƙofar ɗakinta tana shan iska, hannun a kan cinya. Wata la'asar tana zaune aka kawo wuta, injin ya tashi. Ta ga 'Yar Baba ta fito da kofinta ta nufi ƙuryar gida. Ta san an kafa rodi. Da kunnenta ta ji an kafa shi. Ta san babu abin da zai sami yarinyar, ta gaya wa kanta haka, ta danne hannun da ɗaya hannun. Amma da 'yan yatsun nan suka taɓa ƙarfen, ihun ya ƙwace mata, jikinta duka ya zabura har kujerar ta kife.

Ruwa ya zubo a kofi lafiya lau. Yarinyar ta waigo ta dubi uwarta a ƙasa, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma matso ba. Ta riƙe kofinta da hannu biyu don kada ya zube, ta ɗaga murya yadda ta ji manya suna yi.

"Inna, ki kawo turaren. Abin Umma ya tashi."